Yadda Ake Cin Wasan Cike Gurbi a Birnin Gwari Ba Tare da An Ba da Gari Ba

Wasan cike gurbi, wannan zanen gidaje farare da baƙaƙe da ake maƙalawa a bayan jarida, ɗan New York ne. Ranar 21 ga Disamba, 1913, wani ɗan jarida haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World. Jaridar New York Times ta daɗe tana hura hanci, tana cewa aikin marasa abin yi ne, sai a 1942 ta sauko ta fara nata. Ke nan mutumin Birnin Gwari da yake son shiga sahu yau ya makara da shekara ɗari da 'yan kai. Ba komai. Amsoshin suna nan zube a ƙofar gidansa, abin da ya rage masa shi ne ya koyi ƙirga haruffa.

Kafin komai, ya nemi fensir. Biro na masu girman kai ne. Ko kamfanin Simon & Schuster da ya fitar da littafin wasan na farko a 1924, sai da ya haɗa wa kowane kwafi fensir, don ya san halin ɗan Adam.

Daga nan ya zaɓi wurin zama da lura. Teburin mai shayi yana da daɗi, amma akwai hatsari. Matashi zai sunkuya a kan takarda, yana zuba haruffa cikin gidaje, leɓensa na motsi, sai wani dattijo ya leƙo ta kafaɗarsa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗan nan, wannan hatimin na mene ne? Na kasuwa ko na farin jini?" Kada ya tsaya dogon bayani. Ya ce, "Baba, na buɗe ƙwaƙwalwa ne," ya matsa masa ya zauna. Dattijon nan zai yi rana nan gaba kaɗan.

Babban sirrin wasan da Hausa shi ne kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa. Mai wayo yakan bi gidajen ƙarshe ya ɗiɗɗiga "a" a hankali, kuma sau da yawa ya dace tun bai karanta tambayar ba. Sai dai Birnin Gwari ta tanadi maganin masu irin wannan wayo. Idan aka ce "mazaɓa, gida 5," amsar Gayam ce, da "m" ɗinta a ƙarshe, ba ruwanta da dabarar kowa.

Mazaɓun nan 11 na ƙaramar hukumar su ne rumbun mai shirya wasa, kuma a nan ake kayar da baƙo. A ce masa "mazaɓa a Birnin Gwari, gida 7, a kwance." Zai yi wuf ya rubuta Kuyello, ya gyara hula. Alhali Randagi ma bakwai ce, Kakangi bakwai, Tabanni bakwai. Uku daga ciki da "i" suka ƙare, biyu har da "gi". Wanda ya san hannunsa ba ya taɓa wannan layi sai ya warware kalmomin tsaye da suka ratsa shi. Idan harafin farko ya fito "K", saura biyu a fage. Sai ya jira harafi na biyu ya raba gardama tsakanin Kuyello da Kakangi. Masu gaggawa su ne ake gani suna goge takarda da yawu har ta huje.

Haka abin yake a gida shida. Kogin Mariga shida ne, madatsar ruwa ta Bagoma shida, Tegina da ke gaba a jihar Neja shida. Mafi sharri duka shi ne layin da ya ƙare da U-K-U. Idan tambayar ta ce "gari a kan hanyar Kaduna," Buruku ake nufi. Idan ta ce "daji," Kamuku ne, kuma a nan ya kamata mai wasa ya riƙe 'yan bayanai, don masu shirya tambaya suna son zagaye-zagaye: gandun daji ne na En'e tun 1936, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma sunan wata ƙabila ce ta yankin aka sa masa. Dabbarsa mai gida shida gwanki ne. Mai gida huɗu kuwa, idan aka ce "dabba ce a daji, ƙaramar hukuma ce a maƙwabta," to Giwa ce, kada a tsaya ana tunanin zaki.

Maƙwabcin Kamuku ta ɓangaren Zamfara ya fi kowa iya yaudara. Bakin mutane na cewa Kuyambana, takardun hukuma na rubuta Kwiambana, kuma ko wanne aka ƙirga, tara ne cif. Mai wasa ya duba wanda ya shirya tambayar: idan ɗan gari ne, na farko; idan daga taswira ya kwafo, na biyu. Funtua ma haka take, shida a allon hanya, bakwai idan Bahaushe ya rubuta Funtuwa yadda yake faɗinta.

Akwai rigimar da ya kamata a kashe tun kafin a fara, in ba haka ba zumunci zai taɓu. "Sh" da "ts" gida ɗaya za su ci ko biyu? Malamin Hausa zai rantse cewa kowanne harafi ɗaya ne, kuma yana da gaskiya. Ɗan boko zai ce idonsa biyu yake gani. Mazaɓar Kutemeshi tana tsakiya, yau tara gobe takwas. Sannan ga haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Tambaya ta ce "kasuwar shanu, gida 4." Amsa kara, irin wadda Gwamna Uba Sani ya sake buɗewa a garin cikin Nuwamba 2024 bayan ta shekara da shekaru a rufe. Wanda hannunsa ya zame ya lanƙwasa kan harafin farko, ya bar kasuwa ya tafi kotu.

Wayar hannu fa? Ana iya leƙawa, amma kada a jingina da ita. Mutanen yankin ba su manta ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro. Ko da layi na nan, Google bai san wane ƙauye ke bin wane a hanyar Dogon Dawa ba. Direban tasha ya sani, dillalin hatsi ya sani, dattijon da aka matsa wa a benci ya fi su duka sani, kuma ladarsa kofin shayi ne da rabin burodi. Illarsa ɗaya: ba ya ba da amsa sai da tarihinta, tun daga Tsohon Birnin Gwari har zuwa ramukan zinare.

Wanda ya ƙware har ya fara zana nasa wasan a littafin makaranta, ya yi hattara da kalmomin da yake zaɓa. A 1944, gab da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Faransa, kalmomin Utah da Omaha da Overlord da Mulberry da Neptune suka riƙa fitowa a wasan jaridar Daily Telegraph, alhali dukkansu sunayen sirri ne na harin. Jami'an leƙen asirin Ingila suka je suka titsiye mai shirya wasan, wani hedimasta mai suna Leonard Dawe. Bayin Allah da ke bin hanyar Kaduna, mai shingen bincike nan da can, su ɗauki hannu: takarda cike da sunayen dazuzzuka cikin layuka da lambobi ba abin fitarwa ba ce a gaban soja. A bar ta a aljihu har a sauka.

In kuwa duk dabara ta ƙare, gida uku sun ƙi cikuwa, akwai mafitar da Turawa ba su tanada ba. Su sai su jira jaridar gobe su ga amsa. A kacici-kacicin Hausa, wanda ya gaza yakan ba da gari, mai tambaya ya karɓa in ya yi masa, sannan ya faɗi amsar. Dokar tana aiki a nan ma, sai dai a yi ciniki. A fara da Udawa. In ya ƙi, a ƙara masa Damari. Kano da Zariya a ajiye su sai ranar da aka haɗu da kalma mai gida 12, kuma duk yadda aka matsa kada a ba da Birnin Gwari kanta, don tana da mai ita, Mai Martaba Zubairu Jibril Mai Gwari II, kuma ba a nemi izininsa ba.