Alhaji, Ji Yadda Na Gaya Masa

Akwai wani ciwo da ke kama manya a karar Maigatari ranar Alhamis, kuma likitan dabbobi bai san maganinsa ba. Dillali zai danna waya ya yi wa mutuminsa na Gumel saƙon murya na minti bakwai: gaisuwa, gajiya, iyali, sanyi, sai can a ƙarshe farashin bijimi. Yana ɗaga yatsa sai ya kara wayar a kunne, ya saurari kansa tun daga sallama har "sai na ji ka". Yana ji yana gyaɗa kai. Wani har zungurar na kusa da shi yake: "Alhaji, ji yadda na gaya masa."

Mutumin Gumel kuwa ko buɗewa bai yi ba.

Ciwon ya girmi wayar hannu. A zamanin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, mutum zai sayi kati ya jero 'yan uwa na Gagarawa da surukai na Sule Tankarkar, amma ranar karantawa suna ɗaya kunnensa ke jira, nasa. In mai gabatarwa ya tsallake shi, to ko an gaida dangi kaf, kuɗin kati sun tafi a banza.

Masu WhatsApp sun karance mu sarai. A 2013 suka kawo saƙon murya, a 2014 suka ƙaro alamar shuɗi don mu san wanda ya ji ya yi biris. Da suka ga surutu ya yi yawa, a 2021 suka sa maɓallin ƙara sauri. Me muka yi da shi? Saƙon mutane muke kora da gudu, namu kuwa a natse muke jin abinmu, wani lokaci har da maimaici. A ƙarshen 2022 suka sallama, suka ba kowa damar aika wa kansa saƙo. Na ɗauka za a yi walima.

Ka tambayi Alhaji dillali dalili, amsa na bakinsa: "Dubawa nake ko ya tafi, ka san sabis ɗin bakin iyaka, yanzu sai waya ta kamo Nijar." To, Allah ya ba ka haƙuri. An rufe iyakar nan a 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, amma ban taɓa jin kwastan sun tsare saƙon murya ba.

Bayan la'asar kuma sai ya buga wa mutumin Gumel: "Ka ga saƙona?" Kafin a amsa ya sake karanto shi baki da baki, da katin wayarsa.

Roƙona ɗaya ne, Alhaji. Ba mu hana ka jin muryarka ba, Allah ne ya ba ka. Amma ka faɗi kuɗin bijimin a farko, kuma in za ka maimaita, ka rage sautin, mu ma muna sauraron namu.