Zuwa Ga 'Yan Majalisar "Ba Za Ta Yiwu Ba"

Kar kowa ya tashi, a gindin darbejiyar nan na same ku, a nan zan bar ku. Abin da ke ba ni dariya da ku ke nan: kun kishingiɗa a inuwar da wani bawan Allah ya dasa, ya yi ta jido mata ruwa daga rijiya, kuna yanke hukunci wai bishiya ba ta yi a ƙasar nan, kuma duk saurayin da ya ce zai kare gonakin garinsu daga zaizaya da rairayi alawus yake hange.

Bari in ba ku naku tukuna. Kun ga bikin dashen itatuwa ya fi a ƙirga. A kafa rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya tattare babbar riga ya durƙusa, a miƙo masa buta sabuwa fil, a ɗauki hoto. Kafin a gama naɗe rumfar, akuyar maƙwabta ta yi kalaci da dashen. A nan ba ni da ja. Sai dai ku kun maƙale a labarin akuyar nan shekara da shekaru, alhali 'yan'uwanku na hayin iyaka tuni suka wuce wurin.

Maraɗi nake nufi. Daga Jibiya ka tsallaka ta Ɗan Isa, tafiyar ba ta kai a yi mata guzuri ba. Hausawa ne irinku, gero suke nomawa irin naku, ruwan samansu ma bai kai naku ba. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a can, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Wata rana ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen, ashe tohon tsohon kututture ne, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace bazara yana tohowa, kowace bazara mai gona yana sare shi ya cinna masa wuta.

Na ji Alhaji yana tsaki, wai ai dama sai da Bature. Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, Baturen nan bai zo da kututture ko ɗaya a jakarsa ba. Na kakanninmu ne. Kuma a ƙasar Damagaram, wajen Magariya da Mirya da Matamai, manoma sun cika gonakinsu da gawo, galibi don ganin maƙwabci ya yi ya ci riba.

Aikin da suke kira sassabin zamani bai kai a kira masa taron bita a otal ba. Lokacin sharar gona, in ka iso kututturen sabara ko kalgo ko magarya mai toho barkatai, sai ka tsuguna ka zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, uku zuwa biyar, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Gatarin ya zama mai kaifi, kuma daga ƙasa ake saran zuwa sama, don kar ɓawon ya ɗaye ya bar wa itacen rauni. Abin da ka sare ka ɗaure ka kai wa uwargida ta hura wuta. Ba ban-ruwa, ba leda, ba kuɗin mota zuwa gidan renon itace. Saiwar da ta shekara hamsin tana nutsawa neman danshi ba ta bukatar butar babban baƙo.

Baba kuwa damuwarsa daban ce. Shi a wurinsa gonar namiji ita ce wadda za ka tsaya a wannan kunya ka hango waccan, fes, ko tsinke babu. Gona mai kurmi gonar rago ce, ga tsuntsu, ga maciji, ga inuwa mai kashe hatsi. Baba, a yi mini afuwa, sau nawa ka sake shuka bara? Iskar farkon damina ta taso da rairayi ta binne tsiron, ka koma kasuwa sayen iri, ta sake binnewa. Fes ɗin da kake alfahari da shi ne ya buɗe mata hanya. Batun inuwa kuma, je ka tsaya gindin gawo a watan Agusta ka ɗaga kai. Ba ganye. Da damina yake zubar da shi, da rani ya yi kore shar, 'ya'yansa su ƙosar da dabbobi, dabbobin su kwanta a gindinsa su bar maka taki. Kai kanka ka san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar gona kai, kawai dai ba ka so a ce yara sun koya maka noma.

Ga hujja ma in ba ku kyauta, don kar ku ce na ɓoye. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, a auna maka hatsi. Da aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan suka sha gatari. Ku tafa, maganarku ta alawus ta fito. To amma ragowar kashi ɗayan fa? Su ne suka wayi gari da itacen girki a ƙofar gida, da abincin dabba da rani, da abin sayarwa ranar kasuwa. Waɗanda suka sare nasu ba wanda ya sake auna musu ko tiya guda, da ƙafarsu suka dawo.

Abin da ya daɗe yana kashe bishiya a gona tsoron malamin daji ne. A Nijar, dokar Faransa ta 1935 ta mayar da itace na hukuma. Ka rene shi a gonarka, ranar da ka yanki reshe a ci ka tara. Wane mai hankali zai reni abin da zai ja masa sammaci? Sai da hannun hukuma ya sassauta, manomi ya ga abin da ya rena nasa ne, sannan gonaki suka fara cika. Doka ta biyo baya tana sassarfa: ta gandun daji a 2004, sai ta 2020 da aka yi musamman don wannan aiki.

Mu zo kan 'yan sa-kai, waɗanda kuka fi yi wa dariya. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, suna zagaya gonaki, wanda aka kama da saran sata ya biya tarar da gari ya yanka. Kuma ba masu rawani kaɗai suka zuba a ciki ba. Akwai matasa, akwai mata, akwai makiyaya. Na ga Malam ya gyara zama, wai mace a kwamitin daji. Malam, wa ke fita tun asuba neman kirare ta dawo da azahar? Ita ta san kwanan kowane itace a karkarar nan, kai kuwa sai an kawo tuwo kake sanin an hura wuta. Bafulatanin da kuke zargi da sassabe gawo don shanunsa, in yana cikin waɗanda suka kafa dokar, da wane ido zai karya ta? Su kuma yaran da kuke cewa jiya aka yanke musu cibiya, su ne masu ƙafar zagaya gonaki da dare. In akwai mai son karɓar aikin a cikinku, ya ɗaga hannu. Shiru.

Bakano tun ɗazu yana jira a zo maganar lissafi, shi komai sai an gaya masa ribarsa. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun gwama hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000, suka kuma taka gonakin da ƙafa. Ƙiyasinsu hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, wato kamar 40 a kowace hekta, da ƙarin hatsi kusan tan 500,000 a shekara. Abin kunyar, a wasu hotunan bakin iyaka ɓangaren Nijar ya fi namu duhun itace. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da fako da 'yan ramukan da ake zuba wa taki. Dukansu biyu an taɓa kiransu mahaukata. Ina jin majalisarku na da reshe a can ma.

Ban ce magani ne na kowace cuta ba. Inda tarakta ta tumɓuke kututture, ko ƙasa ta zama fako, sai an haƙa 'yan ramukan nan da ake kira tassa, da masu siffar rabin wata, an tare ruwa tukuna. Masu gawayi na nan, kuma akwai dajin da yau ba kwamitin da zai iya shiga saboda 'yan bindiga. Shirin babbar katangar itatuwa ta Afirka tun 2007 ake maganarsa, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 don jihohi 11. Mai son jiran katangar ta iso gonarsa, bismillah.

Sauranku kuwa, sharar gona ta kusa. In kunyar mutane kuke ji, ku zaɓi gefen da ba a hangowa daga hanya, ku bar kututture goma, kar ku gaya wa kowa a majalisa. In bayan damina uku ba ku ga bambanci ba, gatari na hannunku, itacen ma naku ne.