Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Kyankyaso, Ɗan Hayan Da Ba Ya Biyan Ko Sisi

Malam Kyankyaso,

Bayan gaisuwa irin ta maƙwabtaka, da tambayar iyali, waɗanda na san lafiyarsu ƙalau tunda kullum ƙaruwa suke yi, na rubuto maka ne a madadin 'yan haya masu biyan kuɗinsu: na Sabon Gari a Kano, na Tudun Wada a Kaduna, na Nyanya da Mararraba a gefen Abuja, da duk wanda ya ƙirga kuɗin shekara guda cur ya miƙa, ya ɗora da la'adar dillali, ya karɓi makulli, sannan ya kunna fitila da dare ya tarar ashe ɗakin da mai shi a ciki. Ba zagi ya kawo ni ba. Zagi da takalmi an daɗe ana ba ka, ba su rage ka da komai ba. Hujja na zo da ita, kuma ga ta a taƙaice: kai gidan gaba ɗaya kake kallo, mu kuwa ɗaki-ɗaki muke kallonsa, kowa yana yaƙarka a bayan ƙofarsa, a ɓoye, da kuɗin aljihunsa. Muddin haka abin yake, nasara taka ce, ko da kuwa ba ka da wata jarumtar a-zo-a-gani.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. Danginku sun kai iri 4,600 a duniya, galibinsu kuma mutanen kirki ne, suna daji suna cin ruɓaɓɓen ganye, ba ruwansu da tukunyar kowa. Kimanin iri 30 ne kawai suka zaɓi raɓuwa da ɗan Adam, a cikinsu kuma gida biyu suka fi addabarmu. Akwai babban yaya, jan nan mai fiffike da ke fitowa daga masai da sokawe da kwata, wanda kan tashi sama a daren zafi ya watsa taron maza da mata. Ana danganta shi da Amurka, amma daga Afirka jiragen ruwa suka kai shi can. Akwai kuma ƙaramin, mai ruwan ƙasa da zane biyu baƙaƙe a ƙeya, wanda ake jingina wa Jamus, alhali binciken da aka fitar a 2024 ya nuna tsatsonsa daga yankin ƙasashen Indiya da Myanmar yake, kimanin shekara 2,100 da suka wuce. Shi wannan bai san daji ba sam, inda mutum ya yi gini kawai ake samunsa. Matarsa kan ɗauki jakar ƙwai mai 'ya'ya 30 zuwa 40 tana yawo da ita har dab da ƙyanƙyasa, ta maimaita haka sau 4 zuwa 8 a rayuwarta, 'ya'yan kuwa cikin kimanin wata 3 sun isa aure. Kuna iya yin wata guda ba ci. Tsagar da ba ta wuce milimita 3 ba ta ishi babbanku ya kutsa. Duk na yarda.

Amma na san inda lagonka yake. Kai da kake jure wata guda ba ci, da ƙyar kake wuce mako guda ba ruwa, kuma ba ka iya zaman fili: sai tsaga mai duhu, mai ɗumi, mai danshi, wadda za ta matse bayanka da cikinka lokaci guda. To, a gidan haya, ruwan da ke yoyo na wane ne, tsagar kuma ta wa? Bututun da ke ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, murfin sokawen da ya fashe tun zamanin waɗanda suka tashi, ramin da mai gyaran famfo ya huda a bango ya tafi bai cike ba, silin ɗaya da ya rufe jerin ɗakuna ba shamaki a tsakani, hanyar wayar lantarki da ta ratsa daga wannan ɗaki zuwa wancan: babu ko ɗaya da ɗan haya ya ɗauko a bayan a-kori-kura ranar tarewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa mai shi yana nan da ransa, duk shekara yana aiko a karɓar masa kuɗi.

Na san abin da za a ce, domin shi ake faɗa kullum: kyankyaso ɗan ƙazanta ne, wanda ya tsaftace ɗakinsa ba zai gan shi ba. Da gaskiya a ciki. Kwanukan da suka kwana ba wanki, da maiƙon da ya daskare a bayan risho, da kwandon shara marar murfi, duk walima ce gare ka, kuma inda ci ya yawaita zuriyarka kan yawaita. Sai dai tsafta rage yawanku take yi, ba ta toshe muku hanya. Kai da kake cin sabulu, da gam ɗin bayan littafi, da kwali, da gashin da ya zube, da gawar ɗan'uwanka, ai ba sai an girka maka ba. Matar da ke goge kicin ɗinta har ya yi ƙyalli za ta iya kwana da ku, in dai bututunta da na maƙwabta a rami ɗaya suke haɗuwa. Babbar illar wannan magana ta ƙazanta ita ce ta mayar da kai abin kunya. Wadda ta gan ka a kwabarta ba za ta gaya wa ta ɗakin kusa ba, don kada a yi da ita a tsakar gida. Mijinta ba zai kai ƙara wurin mai gidan ba, don kada a ce shi ya zo da kai. Kowa ya yi gum, ana zaman 'yan marina, kai kuwa kana zaga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ka san abin da kowa ya dafa.

Mai gwangwanin feshi zai ce ai shi yana fesawa, da safe kuma yana share gawarwaki. Haka ne, amma waɗanda ya share 'yan yawon dare ne da tsautsayi ya rutsa da su. Galibinku kuna can cikin bango inda feshi bai kai ba, jakar ƙwai kuma ɓawonta na kare abin da ke ciki, bayan 'yan makonni sai ga sabbin baƙi. Ga shi yawancin magungunan feshi kora suke yi: da kun ji wari sai ku kwashi iyali ku bi silin ku sauka a ɗakin maƙwabci, shi ma ranar da ya fesa nasa ku dawo. Wato sauyin masauki muke yi muku da kuɗinmu, muna kiransa yaƙi. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka sun gwada abin a gidajen haya na jihohin Indiyana da Ilinoi, suka yi wata 6 suna zuba magunguna iri-iri. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna a wasu gidajen yawanku ko gezau bai yi ba, a wasu ma ƙaruwa ya yi, kuma 'ya'yan waɗanda suka tsira kan fito da juriyar guba har da irin wadda iyayensu ba su taɓa shaƙa ba. A shekarar dai wani binciken a Karolina ta Arewa ya gwada gwangwanayen nan da ake kunnawa a kulle ɗaki su turnuƙe shi da magani. Ku ba su rage ku ba, sai guba da suka bari kwance a kan tebur da daɓe, inda ake ajiye abinci, inda yara ke rarrafe.

Daga nan ne mai ɗaki kan fusata ya koma wa fiya-fiya ko Sniper, a nan kuwa raha ta ƙare. Sinadarin DDVP da ke cikinsu mai ƙarfi ne, na aikin gona, bai dace da ɗakin da iyali ke kwana taga a rufe ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa barkatai a kasuwanni da shaguna saboda rayukan da ke salwanta, amma har gobe ana samunsa a kan tebur, wani lokaci a kwalbar da ba suna, wadda yaro zai ɗauka abin sha ne. Gidan da aka kai ga haka, kai ka fi kowa kwanciyar hankali a cikinsa.

Kai ma na san da abin cewa a bakinka. Za ka ce ba ka shan jini irin na kuɗin cizo, ba ka kawo zazzaɓi irin na sauro, ɗan abin da ya faɗi ƙasa kake tsinta, kuma Wanda ya halicce mu Shi ya halicce ka. Na ƙarshen gaskiya ne, amma ai kura ma halitta ce, ba a dai ba ta ɗaki. Ƙafafun da ka taka masai da su, da su kake taka tuwon da aka rufe don ɗumame, kuma an sha samun ƙwayoyin cututtukan gudawa irin su salmonela a jikinka da cikin hanjinka. Laifinka da ya fi tabbata ma ba a miya yake ba, a ƙirjin yara yake. Kashinka da yawunka da ɓawon da kake tuɓewa kan bushe su koma ƙura, a shaƙe su. Binciken da aka wallafa a 1997 a kan yara 476 masu ciwon asma a unguwannin talakawa na biranen Amurka ya gano cewa waɗanda jikinsu ba ya shiri da kai, kuma ɗakin kwanansu cike yake da ƙurarka, sun ninka sauran kwanciya a asibiti fiye da sau 3. Wanda ke hana yaro numfashi da tsakar dare ba zai zo ya ce shi ba ya cizo ba.

Mai gidan kuma, in an same shi, zai ce shi tsaf ya ba da gidansa, har fenti ya yi. Fenti dai ba ya kashe ƙwan da ke bayan soket. Gaskiya ne wani ɗan hayan kan shigo da kai cikin kwali, ko a bayan firjin da ya saya na hannu, inda ɗumin inji ya yi maka daidai. Amma shigowa daban, samun wurin zama daban, kuma gini ne ke ba da wurin zama. Wasu biranen sun daɗe da gane haka. A Niyok, dokar da aka yi a 2018 ta ɗora wa mai gini mai sassa 3 ko fiye alhakin duba sassan duk shekara, ya toshe tsaga, ya gyara yoyo, ya kawar da kyankyaso da ɓera da kuɗinsa. Mu nan da muna da duba-gari, mai shiga har ƙurya ya leƙa randa da masai, yanzu kuwa Asabar ɗin ƙarshen wata ce ta rage mana, a fito a share bakin titi, sokawen da ke tsakar gida kuma bakinsa a buɗe.

Sauran magana ɗaya, ita ce mafi nauyi: talakan da ya samu ɗaki da ƙyar, da wane baki zai yi wa mai gida tsaye, alhali wasu na jira a ba su makullin? Shi kaɗai, babu. Amma ɗan haya ɗaya ake yi wa barazanar notis cikin sauƙi, gida guda kuwa sai an yi tunani. Abin da ke kashe ka ma bai kai kuɗin gwangwanayen da muke ƙonawa ɗaiɗai ba. Rana ɗaya za a sa, duk ɗakuna lokaci guda, don kada ka samu wurin gudun hijira. A liƙe tsaga da siminti, a rufe sokawe, a sa raga a bakin magudana, a ɗaure famfon da ke ɗiga, a fitar da tsofaffin kwalaye, abinci ya koma mazubi mai murfi, shara kada ta kwana. Sannan a ɗiga gubar nan mai kama da man shafawa a lungunan da kuke bi, nesa da hannun yara, ko a barbaɗa garin borik sama-sama a bayan kabad. Amfanin gubar shi ne ba ta kora: wanda ya ci zai koma gida ya mutu, waɗanda suka ci kashinsa ko gawarsa su bi shi, har ƙananan da ba sa fita yawo. Sharaɗinta biyu, kada a yi feshi kusa da ita, kuma a maimaita bayan makonni saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Ban manta da wayonka ba: tun 1993 aka ba da rahoton wasunku da suka daina cin tarkon da aka zaƙaƙa da sukarin gulukos, a 2013 kuma aka gano ɗaci suke ji a bakinsu maimakon zaƙi. Shi ya sa ake sauya irin tarkon lokaci-lokaci, shi ya sa kuma siminti ya fi kowace guba daraja a wurina, don har yau ba a ji labarin kyankyason da ya koyi cin siminti ba.

Saboda haka, Malam, ga notis. Ba na wata 3 ba ne, ba kuma na wata 6 ba, tunda ba ka taɓa sa hannu a yarjejeniya ba balle ka nemi kariyar kotu. Zai fara aiki ne ranar da 'yan hayan gidan da kake ciki suka zauna a tabarma ɗaya, kowa ya buɗe baki ya ce e, a ɗakina ma akwai shi. Kwafin wannan wasiƙa yana hanyar zuwa wurin mai gida, haɗe da lissafin buhun siminti da ladan mai gyaran famfo. In bai aiko da su ba, a cikin kuɗin hayar baɗi za a cire.

Naka,
Maƙwabcinka mai biyan haya.