Juyen Baƙin Mai, Juyen Aljihu

Makon jiya na kai ƴar Corollata gidan sabis na wani babban kamfanin dillancin motoci domin a yi mata juye. Juye kawai. A tsiyaye tsohon baƙin mai, a ɗura sabo, a canja filta, in kama gabana. Aikin da bakaniken unguwarmu ke gamawa a gindin darbejiya kafin mai shayin gefensa ya sauke Indomie. Uwargida ce ta matsa, wai maƙwabcinmu can yake kai tasa, kuma mu ma ai mun kai.

Tun daga ƙofa na san na shigo wurin manya. Maigadi ya ƙame ya sara mini. Wani saurayi mai ɗaure da wuya ya tarbe ni da “Barka da zuwa, Alhaji”, ni da iyakata da aikin Hajji rakiya filin jirgin Malam Aminu Kano. Aka zaunar da ni a ɗaki mai sanyi kamar randa, ga talabijin, ga shayi a kofin tangaran. Na kurɓa ina yi wa masu kamfani addu'a, ban san kuɗina nake sha ba.

Bayan awa uku rasit ya iso, shafi biyu cur, sai ka ce takardar rabon gado. Layin farko baƙin mai ne, lita biyar. Motar nan tun da na saye ta lita huɗu da ɗan ɗigo take sha, ragowar kuwa ban gan ta a but ba, wataƙila an yi mini sadaka da ita. Layi na biyu filta, na uku kuɗin aiki. Har nan babu faɗa. Daga layi na huɗu ne dangin rasit suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙoƙon baransa.

Akwai kuɗin “kayan amfanin gareji”. Na yafito saurayin. “Ƙanina, mene ne wannan?” Ya ce, “Alhaji, su tsumma ne da sabulu da giris.” Na ce, “Tsumman nan, shadda kuka yaga?” Ya yi murmushi irin na ma'aikacin banki ya ce, “Tsarin kamfani ne, ranka ya daɗe, kwamfuta ce ta fitar.” To, shi ke nan. A zamanin nan kwamfuta ta gaji boka, in ta faɗa ba a musu.

Sai kuɗin zubar da tsohon baƙin mai. A garin nan wa ya taɓa ganin an zubar da shi? Kafintoci na nema su shafe katakon rufi saboda gara, masu buga bulo na nema su shafe injinsu. Ke nan na ba masu kamfanin mai, na kuma biya su ladan karɓa. Ko ɗan aike ba ya samun tukuici biyu a tafiya ɗaya.

Ga kuɗin binciken kwamfuta: an soka wata ƴar waya a ƙarƙashin sitiyari na minti biyu, ta ce mota lafiyarta ƙalau, abin da ni ma na faɗa musu kyauta da safe. Ga kuɗin wanke cikin inji, wanda ban ce a yi ba. Ga filtar iskar sanyi, wadda aka kawo mini tsohuwar baƙa ƙirin a nuna mini shaida. Yadda saurayin ya riƙe ta da sabo, raina ya ba ni ita ake nuna wa kowa tun bara, kamar babbar rigar aro a gidan biki.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne iskar taya. Wai sun sace iskar mai facin bakin titi sun ɗura mini naitirojin, iskar ƴan gayu. Ɗan sakandare ma ya san kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce. Ashe tuntuni ni da mai facin muna cikin gayu ba mu sani ba. A ƙasan duka kuma harajin VAT ya zauna, kashi 7.5 cikin ɗari, yadda yake tun watan Fabrairun 2020, ya hau kan kowane layi. Har gwamnati ta samu rabonta a tsumma.

Mai karatu zai ce, to sai ka tayar da jijiyar wuya? Ina! Biya na yi. A kujerar kusa da ni wani Alhajin gaske ne mai jibgegiyar jif, aka miƙo masa nasa rasit ɗin, ko kallo bai yi ba ya miƙa kati yana waya. Ni kuma in tsaya cinikin sabulu a gabansa? Na gyara hula, na miƙa nawa katin da hannu ɗaya kamar ba kuɗin cefanen wata ba ne, har da cewa “Madalla, aiki ya yi kyau.”

Nan fa cutar take. Ni ne mutumin da ke yin rabin awa ina ja-in-ja da bakaniken unguwa a kan naira ɗari biyar. In ya ce a sayo filogi, ƙafata ƙafarsa har kasuwar Ƙofar Ruwa don kada ya ci ƙwandala. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, a gidan mai idona ba ya barin mita. Amma da aka sa ni a sanyi aka kira ni Alhaji, sai bakina ya mutu. Talaka ɗan'uwanmu muke iya wa ciniki, mai gilashi da tayil kuwa mu biya har da godiya. Masu kamfanin sun karanci wannan hali namu sarai, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba na cewa bakaniken gindin bishiya waliyyi ne. Shi ma in ya kwance inji ya ɗaure, sai ka ga noti uku sun yi saura ya ce dama kamfani ne ya sa su don ado. Sai dai shi ana kallon idonsa a ce “Haba, Malam, ji tsoron Allah”, ya rage wani abu. Kwamfuta kuwa ba ta da idon da za a kalla.

Saboda haka, jama'a, kafin a taɓa mota a rubuta muku abin da za a yi da kuɗinsa, kuma ku ce kada a ƙara ko noti sai an kira ku. Ku buɗe littafin motar nan da ke kwance a aljihun gaba tun ranar da aka saye ta, shi zai faɗa muku lita nawa take sha da lokacin canja kowane abu. Ku karɓi tsohon kayan da aka cire da ragowar manku. Rasit kuma a bi shi layi layi, ko da wane Alhaji ne a gefe, domin kunyar mara kunya asara ce. Ni dai juye na gaba da tsohuwar singiletina zan je, in ga ta inda kuɗin tsumma zai fito.