Sai Baƙo Ya Zo Muke Tuna Hubbare

Mu mutanen Lahodu da sauran ƙauyukan Wurno muna da wani hali: ba ma tuna cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kwance kusa da mu sai ranar da baƙo ya ce a raka shi. Mutum zai taso daga Maraɗi ko Ilorin, ya kwana a hanya, ya ziyarci Hubbaren Shehu a Sakkwato, sannan ya sake hawa mota ya nufo Wurno. Mu kuwa da muke shiga garin da buhunan albasa da tafarnuwa, sai mu wuce ta gefe, hankalinmu yana kan nawa dillali zai taya.

Wannan magana ce ta hana majalisar mai shayi tashi da wuri ran nan. Wani malamin firamare ne ya tono ta, ya ce ya tambayi yaran ajinsa wane ne ke Hubbaren Wurno. Ɗaya ya ce Shehu ne, wani ya ce Sardauna.

"To, Malam, ai yaron bai yi nisa ba," in ji direban da ke jigila zuwa Sakkwato. "Duk gida ɗaya ne."

Wani dattijo da kowa ke kira Kawu ya ajiye kofinsa. "Kai ɗan nan, gida ɗaya ne, amma kowa da ɗakinai. Bello ɗan Shehu ne. Shi anka naɗa a 1817 bayan rasuwar mahaifinai, shi ya mai da Wurno ribaɗi, kuma nan ya cika a 1837. Sardauna kuwa Rabah anka haife shi, kakanai Abubakar Atiku na Rabah ɗan Bello ne. Mi ke da wuya ga wanga?"

Aka yi dariya, domin rabinmu a ranar muka fara jin silsilar a jere. Malam ya ƙara da cewa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya fi zama, har Baturen Jamus Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka garin a 1853 ya rubuta labarinsa. Yau akwai ɗalibai a Turai da suka san Wurno ta wannan littafi, alhali mu da muke shan ruwan garin ba mu taɓa buɗe Infaƙul Maisuri na Bello ba.

Kuma rashin sanin bai taɓa hana mu bayani ba. Baƙo ya tsaya ya yi tambaya, nan take kowa ya zama masanin tarihi. Wannan ya ƙara wa shekarun ɗari, wancan ya kawo yaƙin da ba a yi ba, na uku ya rantse kakan kakansa ne ya riƙe linzamin doki. Baƙo ya koma gida da labari iri uku, duka da rantsuwa.

Sai kuma yadda muke tarbar su. Motar ziyara ba ta gama tsayawa ba yaranmu sun kewaye ta da miƙa hannu. Tsofaffin mata, irin waɗanda suka gaji al'adar 'Yan Taru ta Nana Asma'u, ƙanwar Bello, su sauko da ƙafa a kumbure, butar alwala a hannu, suna waige-waigen inda za su kewaya. Mu sayar musu da ruwan leda, su sha su yar, iska ta kwashe ledojin ta liƙa a jikin katanga, mu kuma mu tsallake mu wuce muna cewa baƙi ba su da tsafta. Wasu masu ziyarar su so ɗibar ƙasa don tabarruki. Kawu ya ce in kowa ya ƙulle ɗan kaɗan a bakin zane, wata rana sai an yi cikon rami, kuma malamai sun sha faɗa cewa addu'a ake zuwa yi wa mamaci.

"Ai duk aikin gwamnati ne," in ji mai shayi, yana fifita wuta.

"Yaya, tsintsiya ma sai an aiko daga Abuja?" Malam ya tambaya.

Gaskiya akwai abin da ya fi ƙarfinmu. Hanya da tsaro ba namu ba ne, kuma tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, baƙo yana shigowa da hantsi yana duban agogo, so yake la'asar ta riske shi a birni. Shi ya sa kuɗin masaukinsa da na tuwon darensa duk a Sakkwato suke zama. Da hankali kwance yake, ziyara ɗaya sai ta haɗa masa Wurno da Rabah da madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, ya kwana biyu yana cin shinkafarmu. Amma shara da randar ruwa da makewayin mata da tsawata wa yara, waɗannan ba sa jiran kasafin kuɗi.

Direba ya ce ya taɓa kai kaya Agadas, ya ga hasumiyar masallacinsu ta laka, mai tsawon mita 27, wadda ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tare da tsohon garin a 2013. Abin da ya ba shi mamaki shi ne ginin ƙasa ne irin namu, yaɓe ne kawai ba a bari ya wuce lokacinsa. Mu kuwa da zarar an ce gyara, sai mu ɗauko siminti da fenti mai ƙyalli, mu shafe tsohon abu har mai shi ma ba zai gane shi ba.

Kafin a watse an tsayar da shawara uku. Malam zai rubuta tarihin a takarda ɗaya, a kai wa malaman Wurno su duba, a koya wa samari biyu su riƙa yi wa baƙi bayani iri ɗaya. Matasa za su nemi izinin masu kula da wurin su riƙa shara ranar Alhamis. Direba kuma zai kwashi 'yan ajin Malam kyauta su je su gani da idonsu.

"Kyauta?" in ji direba. "Kawu, yaushe na ce haka?"

"Yanzu munka ce maka," in ji Kawu. "Kuma ni ka zama gaba."