Allon Sale

Mu 'yan Zangon Damagaram ba mu taɓa jin kunyar aron harshe ba. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a unguwarmu, Birni na can da sarkinsa da ganuwarsa, mu muna nan muna ciniki da Buzaye da Larabawan Tarabulus, kowa da bakinsa. Faransa ta zo ta ɗora nata, har Damagaram ta riƙe babban birnin Nijar zuwa 1926. To da aka ce a watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, sai na ga bai kamata a bar shagona a baya ba.

A Kano na samo dabarar, da na je sarin shadda da atamfa a Kantin Kwari. Wani shago na gani an manna masa SALE da jan fenti, mata na ta turereniya. Aka ce mini ma'anarsa an karya farashi.

Mai rubutun allonmu yaro ne ɗan lakwal. Ya dubi takardar da na rubuta kalmar a kai, ya dube ni. "Alhaji, wannan za a rubuta? A kan tufafi?" Na ce masa, "Ni na je Kano ko kai?" Ya karɓi jika biyar ya ja bakinsa.

Maƙwabcina, tsohon mushe mai ritaya, shi ya fara tsayawa. Ya gyara tabarau ya ce, "Alhaji, ko mai gwanjo ai ba ya shelar dattin kayansa." A Faransanci, wai, haruffan nan huɗu ƙazanta suke nufi. Duk wanda ya taɓa zama a aji a garin nan haka ya karanta, har 'yan mata na toshe hanci don tsokana.

Masu karatun bokon Hausa kuwa jaje suka zo yi mini. A wurinsu karayar arziki ta same ni, na sayar wa wani Sale shagon. Surukata ta aiko a tambaya ko da abin sawa a tukunya. Kafin la'asar wani ya shimfiɗa buzu a ƙofa, ya rantse ba zai tashi ba sai Sale ya fito ya biya shi kuɗin geronsa buhu biyu.

Na kira abokina na Kano, ya ce a ƙara kalmar tufafi a sama, magana ta ƙare. Ya faɗa a waya, yaro ya rubuta yadda kunnensa ya ji: CLOSE, maimakon CLOTHES. Laifin Ingilishi ne wannan, harshen da ake rubuta haruffa bakwai a haɗiye rabi.

Ran Alhamis, ranar kasuwar Dole, direbobin Nijeriya suka shigo, su da aka yi allon dominsu. Suna karantawa suna wucewa. Ɗaya ya rage gudu ya leƙo, ina zaune ƙofa a wangale, ya ce, "Alhaji, yaushe za ku buɗe?"

Da dare na sauke allon. Sai ga wani mai shayi daga Mirya, Sale na gaskiya, ya ce ya ji labari, zai sa zarto ya yanke saman. Na ce jika huɗu, ya taya biyu, kuma ya nuna mini abin da ke rubuce: ai an karya farashi.