Ire-iren Masu Ruwa da Tsaki a Sha'anin Unguwa: Misalin Kanvili

Kanvili unguwa ce a arewacin birnin Tamale, a kan babban titin da ya bi ta Savelugu da Walewale da Bolgatanga har ya dangana da Paga, iyakar Gana da Burkina Faso. Asalinta ƙauyen Dagwamba ne, da sarkinsa da gonakinsa da itatuwan kaɗanya, kafin birni ya miƙe ƙafa ya haɗiye ta. A tsarin mulki tana ƙarƙashin Majalisar Sagnarigu, wadda aka yanko daga Tamale a 2012. Ƙidayar 2010 ta sami mutum kusan dubu 148 a yankin Sagnarigu, ta 2021 kuwa ta sami fiye da dubu 340. Jama'a sun ninka, ƙasa ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. Daga nan duk wata rigimar unguwa ta samo asali.

Hukuma biyu ke riƙe da sha'anin wurin. A ƙasar Dagbon, wato ƙasar Dagwamba, sarki a kan fata yake zama, shi ya sa ake cewa ƙasa ta fata ce: fada ke ba da fili, kuma tsanin sarauta na hawa har Yendi wurin Ya Na, babban sarkin Dagbon. Izinin gini da taswirar unguwa kuwa aikin majalisa ne, bisa dokokin 2016 na ƙananan hukumomi da na tsara ƙasa. Tsakanin fada da majalisa akwai taron unguwa, wanda ake yi a gindin darbejiya ko a ajin makarantar firamare, kan benci da kujerun roba, cikin Dagbanci gauraye da Hausa da Turanci. Duk wanda ya zauna irin wannan taro sau uku zai lura cewa batu ne ke canzawa, mutanen dai su ne.

Na farko, kuma mafi shahara, shi ne Sarkin Tudu. Wannan mutum ya yi imani cewa babu cutar da tudun rage gudu ba ya warkarwa. Ranar da babur ya buge akuya a ƙofar gida, ba ya jiran wayewar gari. Yakan tara samari bayan sallar Isha'i da diga da shebur da baro, su tulo jar ƙasa a gicciye a kan hanya, su daddale ta da ƙafa. A ƙa'ida hukumomin tituna ne ke yin tudu, da awo da fenti da allon gargaɗi, amma Sarkin Tudu yana da nasa awon, wato fushinsa na wannan rana. Idan akuya ce ta mutu, tudu ya kai idon sawu. Idan tunkiya ce mai ciki, ya kai ƙwauri. Idan kuwa yaro aka kusa bugewa, to ƙaramar mota sai ta hau a karkace kamar kaguwa, cikinta na gurzar ƙasa, direba na salati. Gaskiyarsa ba a raina ta, don yaran unguwa a bakin hanya suke wasa. Matsalar dai ita ce maƙwabcinsa ma yana da akuya, shi ma yana da fushi, sai a wayi gari layi ɗaya mai gida goma yana da tudu bakwai, mai naƙuda a cikin keke tana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ne aka sani yana sauya Sarkin Tudu: ya sayi mota. Kafin mako ya zagayo za a ji shi a taro yana tambaya, cikin ɓacin rai, wane marar hankali ne ya lalata hanyar jama'a.

Abokin gabarsa na gado shi ne Guguwa, saurayi mai sabon babur. Tamale garin babur ne, maza da mata, tsoho da yaro, kowa na hawa, kuma yawanci suna tafiya da natsuwa. Guguwa ne kawai ke tuƙi kamar an ce masa kasuwar Aboabo za ta tashi kafin ya isa. Dokar hanya ta 2012 ta ƙayyade kilomita 50 a sa'a cikin gari, 30 a kusa da makaranta, ta kuma wajabta hular kwano. Guguwa yana da hular, ba a yi masa ƙarya ba. A hannun babur take rataye, tana kare madubi daga haɗari, sai ya hango 'yan sanda daga nesa ta hau kai. Tudu a wurinsa ba gargaɗi ba ne, wurin tashi sama ne. Idan kuwa ya yi masa tsayi, sai ya zagaye ta gefe, ta kan tabarmar da wata ta shanya kuɓewa.

Ɗan'uwansa na nesa shi ne direban yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku da Kanawa ke kira Adaidaita Sahu. Shi ba gudu ne laifinsa ba, tsayuwa ce. Ko ina fasinja ya ɗaga yatsa, nan ne tasha.

Sha'anin fili ya fi na hanya zurfi, don haka masu cin abinci a cikinsa sun fi yawa. A gaba akwai Na-Kusa-da-Fada. Ba basarake ba ne, ba ya cikin dattawan da ke zama gaban sarki, amma kullum ana ganinsa yana fitowa daga wajen fada yana gyara hula, kamar wanda ya gama wata muhimmiyar shawara. Jarinsa ke nan. A al'ada ba a sayar da ƙasa, goro ake kai wa fada a nemi wurin zama. Sunan bai canza ba har yau, sai dai goron zamani ba ya shiga aljihu, a jaka ake kai shi, wani lokaci ma ta waya. Na-Kusa-da-Fada kan tsaya a tsakiyar ciyawa ya miƙa hannu ya ce, "Alhaji, daga wancan kaɗanya zuwa wancan suri, duk naka ne." Kaɗanya kuwa suna da yawa, suri ma haka, sai a yi shekara biyu a ga Alhazai uku sun sauke yashi a fuloti ɗaya, kowa da takardarsa mai hatimi. Dokar ƙasa ta 2020 ta tanadi a kafa ofishin rubuta filayen gargajiya don a rage irin wannan, kuma hanya a buɗe take ga mai son ya binciki fili a Hukumar Filaye kafin ya biya. Amma mai saye yakan ji kunyar bincike, kada a ce bai yarda da dattijo ba. A kan wannan kunya Na-Kusa-da-Fada ya gina gidansa.

Gefensa akwai Gonar-Kakana. Ko wane fili aka ambata, na asibiti ne ko na makaranta ko na kwata, sai ya miƙe ya ce nan kakansa ya noma dawa. Idan aka haɗa gonakin da ya lissafa a taruka daban-daban, kakan nan ya noma daga Kanvili har filin jirgin sama shi kaɗai da fartanya. Wani lokaci gaskiya yake faɗa, abin tausayin ke nan, don gidaje da yawa na 'yan asalin wuri sun ga gonakinsu sun zama fuloti ba su ci ko kwabo ba. Sai dai ya yi kukan kura har ya gundura, ranar da kurar ta zo da gaske babu mai juyowa.

Sai kuma Mai Ginin Dare. A duk faɗin Gana an san jan fentin da ma'aikatan majalisa ke rubutawa a bangon ginin da ba shi da izini, cewa a dakatar da aiki a kawo takarda. Mai Ginin Dare ya ɗauki wannan rubutu a matsayin shaidar cewa hukuma ta san da zamansa. Yakan jira yammacin Juma'a, ofisoshi su rufe, ya tara magina da fitila. Kafin safiyar Litinin bango ya kai linta, an yaɓe jan rubutun da siminti. Yana da wata baiwa ta musamman wajen gano inda ruwa ke bi, ya kafa ɗakinsa a daidai nan. Tamale damina ɗaya gare ta, kuma a Agusta da Satumba take nuna ƙarfinta. Idan ruwa ya zo ya tarar da bango a hanyarsa, ba ya zuwa majalisa ya kai ƙara, ɗakin maƙwabci yake shiga. Washegari Mai Ginin Dare ne farkon wanda zai tsaya, wando a naɗe har gwiwa, yana tambayar ina gwamnati take.

Kowane taro yana da Lauyan Benci. Galibi tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya taɓa zama a Ankara, babban birnin Gana, yana yawo da fayil mai igiya da tabarau a karan hanci. Ba ya magana sai da lambar doka. Idan ana batun kwashe shara daga kwata ranar Asabar, sai ya ce kafin a je nan, wa ya ba wannan taro hurumin zama? Ya rubuta takardun koke da yawa, kowacce da kwafi zuwa ofisoshi shida, kuma yana ajiye da kwafin kwafin. Ranar aikin gayya ba ya ɗaukar shebur, saboda bayansa, amma yakan zo ya tsaya a inuwa ya nuna inda aka yi kuskure. Duk da haka unguwa ba ta iya rabuwa da shi: ranar da aka zo da gireda za a rushe wani abu, gidansa ake rugawa.

Mai Kiran Rediyo ba ya zuwa taro ko kaɗan. Yana jiran shirin safe a tashoshin Tamale, ya saka kati, ya gabatar da kansa a matsayin muryar matasan Kanvili, matasan da ba su san an naɗa shi ba. 'Yan Rumfa kuma suna nan a bakin hanya, rumfa ɗaya da fentin lema na NDC, ɗaya da fentin giwa na NPP, ana dafa ataya ana buga dara. A wurinsu babu kwalbati marar jam'iyya. Idan an gyara, tasu ce ta gyara, idan ta rufta, ta waɗancan ce.

Mafi yawan jama'ar taro kuwa 'yan Naa ne. A gaisuwar Dagwamba, idan aka ce "Dasiba" da safe, amsa ita ce "Naa", kuma haka ake ta amsawa ga duk tambayar da ta biyo baya. Ladabi ne mai kyau, amma wasu sun ɗauke shi daga gaisuwa sun kai shi cikin shawara. A yi tudu? Naa. A rushe tudu? Naa. Kowane gida ya kawo sidi 20? Naa, da babbar murya. Ranar karɓar kuɗi sai a tarar mai gida ya tafi jana'iza a Kumbungu, kuma ba a san ranar dawowarsa ba.

Duk waɗannan a kan mutum ɗaya suke sauke kayansu, wato asambuliman, wanda a Najeriya za a kira kansila. Zaɓensa ba na jam'iyya ba ne, duk shekara huɗu ake yi, kamar yadda aka yi a Disambar 2019 da ta 2023. Shekaru da dama abin da muƙamin ke kawowa bai wuce alawus ɗin zama da babur ba, amma jama'a sun ɗauke shi minista. Ƙwan fitilar titi ya mutu, shi ne. Akuya ta ɓata, shi ne. An kama yaro a caji ofis da tsakar dare, ƙofarsa ake bugawa. Suna da biki da jana'iza duk sai an gan shi, kuma ba hannu rabbana ba. Lokacin kamfe ya yi alkawarin kwalta, ya shiga majalisa ya tarar cewa abin da ke hannunsa shi ne ya miƙe ya roƙa, a rubuta. An fi gane shi da amsa guda: "Baba, maganar tana kan tebur." Teburin nan babu wanda ya taɓa ganinsa, amma ga dukkan alamu yana da faɗi.

A can bayan taro, inda mata ke zama, akwai Magajiya. Dagwamba sun ari wannan suna daga Hausa suna kiran shugabar mata da shi. Ba ta cika magana ba sai an zo batun ruwa. Ruwan famfon Tamale daga Dalun yake zuwa, inda ake tace wanda aka jawo daga kogin Farin Volta, kuma birni ya daɗe da fin ƙarfin abin da ake turowa, musamman da rani. Maza a taro suna tattauna wannan a matsayin batu, Magajiya kuwa ta san shi a wuyanta: ta san daren da famfo ke zuwa, da layin da ya fi daɗewa bai gani ba, da kuɗin jarka a hannun mai kura, da na tanka. Takan bari Lauyan Benci ya gama lambobinsa, ta gyara mayafi ta ce, "Malam, mun ji doka. Yanzu gobe da me za a dafa tuwo?" Daga nan taro kan yi shiru. Idan aka tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, a hannunta ake ajiyewa, don ita ce ke riƙe da adashi, kuma ta san matar kowane ɗan Naa da ya tafi Kumbungu.

Baƙon da ke shirin sayen fili a Kanvili zai gamu da waɗannan mutane duka, yawanci Na-Kusa-da-Fada ne zai fara tarbarsa. Kafin ya sauke bulo ko ɗaya, ya je fada da ƙafarsa, ya binciki takarda a Hukumar Filaye, ya nemi izinin gini a majalisa, sa'an nan ya gaida Magajiya ya tambaye ta inda ruwa ke bi a watan Agusta.